ZAUREN 'YAN MATA: Katin Inna a Aljihun Yaya

  Na san da yawanku kun buɗo shafin nan da zaton za ku iske zancen masoya kamar yadda muka saba, to yau alƙalamina ya karkata wani wajen, ko da yake wadda ta daure ta karanta har ƙarshe za ta ga soyayyar ma tana ciki tsundum.

Maganar ita ce ta ɗan katin nan na cirar kuɗi da ake kira ATM, wanda bai kai tafin hannu ba, amma a yau ya raba ɗa da uwa, ya raba wa da ƙanwa, ya sa tsofaffi da yawa kukan zuci a ƙasarmu ta Batsari da Safana. A ƙasashen Turawa irin su Amurka da Ingila ana yawan amfani da katin bashi, wato ka ci yau banki ya biya maka, ƙarshen wata ka biya shi, don haka in ɗa ya ɗauki katin tsohuwarsa bashi yake jibga mata. Mu kuwa namu katin abin da aka tara yake kwashewa, kuɗin fansho, kuɗin garatuti, kuɗin amfanin gona, ɗan abin da 'ya'ya ke aikowa daga Legas ko Abuja, har da kuɗin da tsohuwa ta yi shekaru tana tarawa da burin ta ga ɗakin Ka'aba kafin ta koma ga Mahaliccinta.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin duk tsofaffi 6 da suka kai shekara 60 zuwa sama, kusan mutum 1 yana gamuwa da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara, kuma cinye masu dukiya yana daga ciki. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2011 ta amince da ranar 15 ga watan Yuni ta zama ranar tunatarwa a kan cin zarafin tsofaffi.

To ya aka yi katin Inna ya koma aljihun Yaya? Duk wanda ya san yankinmu ya san amsa. Tun da fitinar ɓarayin daji ta taso daga dajin Rugu, ajiye shanu ko kuɗi a gida ya zama kiran ajali, mutane suka riƙa sayar da dabbobinsu suna kai kuɗin banki, alhali akasarin tsofaffinmu ba su yi boko ba, ba su san inda ake latsawa ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Batsari da Safana na ciki, na'urar masu POS ta mutu murus, sai dai a ba wani yaro kati da lambar sirri ya tafi Katsina ya ciro. Ba a daɗe ba kuma aka shiga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, layi tun asuba, wace tsohuwa ce za ta iya wannan turmutsutsu? Nan ma aka sake miƙa kati. Waya ta dawo, kuɗi sun wadata, amma kati bai dawo hannun mai shi ba.

Bari in ba ku labarin wata dattijuwa da muka taɓa zama unguwa ɗaya, ba zan kama suna ba don rufin asiri. Bayan rasuwar maigidanta ta sayar da 'yan shanun da suka zo mata a gado, aka zuba kuɗin a banki da niyyar ta yi wa autarta kayan ɗaki, saura kuma ta riƙa lallaɓawa. Katin yana hannun ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta iya faɗi don alkunya. Kuma a ranar buɗe asusun lambar wayarsa aka rubuta, saboda haka duk saƙon da banki ya turo shi kaɗai ke gani. Ana nan sai ciwo ya kwantar da ita, aka ce ya ciro kuɗin magani, yau ya ce babu sabis, gobe ya ce na'ura ta ƙi karɓar kati. Autar, 'yar aji biyar a sakandare, ita ce ta tsinkayi saƙon banki a wayarsa ya bar ta a caji, ta ga abin da ya rage bai isa kuɗin mota zuwa Katsina ba.

Ta same shi a zaure ta durƙusa ta ce, "Yaya, don Allah ina kuɗɗin Inna suka tafi?"

Ya daka mata tsawa ya ce, "Ke mi ya ruwanki? Kuɗɗin uwata ne, gobe ma ni ke da gadonsu. Ki rufe mani baki ko in ɓaɓɓalla ki."

Da labari ya kai kunnen tsohuwa, Allah Sarki, hawaye kawai ta share ta ce, "Ku ƙyale yaron nan, ni ban iya tona mashi asiri."

Ashe kuɗin sun tafi ne a babur, da babbar waya da ya saya wa budurwarsa, da akwatunan lefe da duk gari ake ta labarinsu, saura kuma cacar ƙwallo ta waya ta lashe. Sai da kawunsu ya zo ya tsaya tsayin daka, aka zauna gaban mai unguwa, aka sayar da babur, aka rage lefe, ya sa hannu zai riƙa biyan ragowar duk kaka. Yarinyar da aka kai wa lefen kuwa ta fi wata ba ta leƙa ƙofar gida ba don kunya, alhali ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Yanzu abin da nake so mu tattauna shi ne, in irin wannan ta faru a gidanku, ke 'yar makaranta da kika iya karatu, ina za ki dosa? Domin kuwa ke ce idon mahaifiyarki, kuma kuka a bayan ɗaki ba ya dawo da ko sisi.

Abu na farko, a tsayar da zubar kafin a fara neman mai laifi. Kowane banki yana da lambar da ake latsawa a waya, ko ake kira, a rufe kati nan take, ki tambaya ki rubuta ta a bayan littafinki tun kafin buƙata ta taso. Daga nan sai a ɗauki mai asusun da kanta a kai ta banki, Katsina ko Dutsin-Ma ko duk inda reshensu yake, da katin shaidarta, domin banki ba zai buɗe maki sirrin asusun wani ba ko da ke kika fito daga cikinta. A can za a nemi abu huɗu: a kashe tsohon kati a ba ta sabo da sabuwar lambar sirri, a cire lambar wayar wancan a sa tata, a rufe hanyar tura kuɗi ta waya in ba ta buƙata, sannan a buga mata takardar shige da ficen kuɗi ta watannin da ake zargi. Ku kula da layin waya sosai, don wanda ke riƙe da layin da aka haɗa da asusu yana iya kwashe kuɗi ko babu kati a hannunsa.

A kuma tambaya ko an ci bashi da sunanta. Yanzu akwai bankuna da kamfanonin lamuni da ke ba da rance ta waya cikin 'yan mintoci, musamman ga mai albashi ko fansho, muddin mutum yana da layi da lambar BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da ita a 2014. Tun ranar 1 ga Agusta 2020 kuma akwai tsarin da ya ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga sauran asusun mutum da ke ɗauke da BVN ɗinsa. Kun ga ke nan tsohuwa tana iya kwana da bashin da ba ta san an ci ba.

Sai dai in faɗa maku gaskiya komai ɗacinta: in da hannunta ta ba da kati da lambar sirri, da wuya banki ya biya ta, don sharaɗin da ta dangwala wa hannu ya hana ba kowa lambar. Amma in an sace katin ne, ko an canja lambar waya ba da saninta ba, ko an kwaikwayi sa hannunta, to a rubuta wa bankin takardar koke, a karɓi lambar shaidar shigar da koken, a ajiye kwafi. In mako 2 ya wuce ba su warware ba, sai a ɗaga maganar zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya, wanda yake da reshe a cikin garin Katsina. Ba a biyan ko kwabo a kan wannan koke.

Abu na biyu, zaman gida. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma babu uwar da za ta so ta ga ɗanta da ankwa. Amma zaman sulhu daban, rufa-rufa daban. A kira kawu ko baffa wanda ake jin nauyinsa, a shimfiɗa takardar banki a tsakar tabarma, a bi ta layi-layi: ran kaza an ciri kaza, ina aka kai? Abin da ya shiga cefane da magani a cire shi, domin ba a gyara zalunci da zalunci, wani ɗan ma yana kashe nasa a kan iyaye ba wanda ya rubuta. Abin da ya rage ba shi da bayani, shi ne bashi a wuyansa. A rubuta yarjejeniya, nawa ne, yaushe za a biya, me aka jingina, a karanta wa tsohuwa da Hausa a gaban shaidu biyu, kowa ya sa hannu. In gida ya gagara akwai mai unguwa da dagaci, akwai fadar Sarkin Ruma Hakimin Batsari da ta Yariman Katsina Hakimin Safana, akwai limamai, akwai kuma Hukumar Hisba, duk suna sasanta irin wannan.

Nan zan ja kunnenku da babbar murya. A ƙasarmu ba a shelar yawan kuɗin da mutum ke da shi a banki. Kun san akwai masu kai wa ɓarayin daji rahoto, kuma maganar da aka yi a bakin rijiya ko a kasuwar Batsari ba a san kunnen da za ta faɗa ba. Kada garin neman haƙƙin Inna ki jawo a zo a ɗauke ta cikin dare. Takardar banki daga ke sai manyan da za su zauna, ko aminiyarki kada ki nuna mata.

Abu na uku, kotu. Tun shekarar 2000 Jihar Katsina ke da kotunan shari'ar Musulunci, kuma nan ne ya fi kusa da talaka, da Hausa ake magana, ba dole sai da lauya ba. A fiƙihu wanda aka ba kati ya riƙa cirowa sunansa wakili, dukiyar amana ce a hannunsa, in ya ƙetare abin da aka sa shi to biya ya hau kansa. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i umarni ce ƙarara a kan mayar da amana ga masu ita. Maganar nan ta "ai ni zan gada" ba ta da gindi ko kaɗan, domin ba a gadon mai rai, kuma wa ya san gawar fari? Ƙa'idar kotu ita ce mai da'awa ya kawo hujja, wanda ya musa ya yi rantsuwa, shi ya sa takardar banki da yarjejeniyar da aka rubuta suke da daraja. Dokar shaida ta ƙasa ta 2011 ma ta yarda da bayanan da aka ciro daga kwamfuta in an cika sharuɗɗansu.

Iyaye mata da yawa abin da ke hana su zuwa gaban alƙali shi ne tsoron kada a yanke wa ɗansu hannu. To ki kwantar wa Inna da hankali, malaman fiƙihu sun bambanta ɓarawo da maci amana. Wanda aka miƙa wa abu da hannu ya ci, ba haddin sata ne a kansa ba, alƙali yana tilasta masa biya, yana kuma iya yi masa horon da ya ga ya dace. Bayan haka ana iya shigar da ƙarar neman kuɗi zalla, ba tare da neman a ɗaure kowa ba.

Abu na huɗu shi ne hukuma, kuma wannan sai tura ta kai bango: wanda ya sace katin, ko yake yi wa tsohuwa barazana, ko ya ƙi dainawa bayan an yi sulhu. Dokar Final Kot da ake aiki da irinta a Arewa tun 1960 ta ɗauki sata da zamba da cin amana a matsayin laifuka, kuma zama ɗa ko ƙane ba ya wanke mutum. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta tarayya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sashe na 33 na dokar ya ce wanda ya yi amfani da katin banki da nufin zamba don samun kuɗi ko kaya, ana iya ɗaure shi har shekara 7, ko tarar da ba ta wuce Naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, sannan ya biya mai katin abin da ya yi asara. Satar katin kaɗai tana iya kai mutum ɗaurin shekara 3 ko tarar Naira miliyan 1. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin waɗannan, akwai ta a Katsina. Ana fara kai rahoto caji ofis, in kuɗin masu yawa ne ana iya rubuta wa hukumar EFCC. Sai dai ku sani, in da bakinta Inna ta ce ta ranta masa, wannan bashi ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba, alƙali ne mai wannan. Ku kuma sani in magana ta shiga kotu a matsayin laifi, janye ta ba a hannunku kaɗai yake ba, don haka a yi shawara tun kafin a taka.

Mai cewa ina muka ga kuɗin lauya, to akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da aka kafa tun 1976 don marasa ƙarfi, tana da ofis a Katsina, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ki yi shiga ta mutunci, ki ɗauki takardunki, ki tafi da wani babba a cikin dangi.

Saura abu biyu da ake yawan tuntuɓe da su. Na ɗaya, in gigin tsufa ya kama mahaifi har bai san abin da yake sa wa hannu ba, ba wanda ya riga ɗaukar kati ne ke da iko ba. A samo takardar likita, a je gaban alƙali ya naɗa wanda zai kula da dukiyar, wanda kuma za a iya tuhumarsa lissafi. Na biyu, ranar da rai ya yi halinsa wakilci ya ƙare. Duk wanda ya ruga wurin mai POS da katin mamaci ana tsakiyar zaman makoki, dukiyar magada ya ci, da ta matan mamacin, da ta marayu, da taki ke da ake ganin ba ki da baki. A sanar da banki, a bi ta kotu a samo takardar da za a fitar da kuɗin, a biya bashi da wasiyya, sannan a raba. Abin da wani ya cinye tun mamaci na da rai ba da izini ba, shi ma ana iya bin sa a zuba cikin gado.

Riga-kafi dai ya fi magani. In dole sai an wakilta wani, a raba ƙafa: kati a hannun wannan, wayar da saƙo ke shigowa a hannun Inna, ke kuma ki riƙa karanta mata duk saƙon da ya shigo. Babban kuɗi a sa shi a asusun da ba shi da kati, wanda sai ta je da kanta ko sai mutum biyu sun sa hannu. A roƙi banki ya rage yawan abin da za a iya cira a rana. A sayi littafi mai ɗan kauri, duk abin da aka ciro a rubuta, a liƙa rasit ɗin mai POS. Mai gaskiya ba ya jin haushin lissafi, shi ma kariya ce gare shi ranar da 'yan uba za su taso.

Sai ku 'yan matan zaure, na ce soyayya tana ciki. Saurayin da kika san ba shi da sana'ar kirki, kwatsam ya fara yi maki ruwan atamfa da leshi da waya mai tsada, kada daɗi ya rufe maki ido. Tambaye shi cikin ladabi, in ya kama kame-kame ki sa yayyenki maza su bincika. Wanda bai ji tausayin wadda ta ɗauki cikinsa wata tara ba, ke da ya tsinta a hanyar islamiyya wane tausayi zai ji maki? Yau katin uwarsa ne, gobe sarƙarki da kayan ɗakinki ne. Ke ma da aka yarda da ke aka ba ki kati, kada anko da kayan kwalliya su ja ki ki ce ai dubu ɗaya ce Inna ba za ta gane ba, da kaɗan-kaɗan ɓera ke huda buhu.

Kuma kada wadda ta ji tsoron a ce ta cika rashin kunya don ta yi magana. Ki yi ta da ladabi, ki durƙusa inda ake durƙusawa, ki bi ta hannun manya, amma kada ki yi shiru. Tsayawa a kan haƙƙin mahaifiya yana cikin biyayyar da aka umarce mu da ita, kuma hana ɗan uwa cin haram shi ne babban zumuncin da za ki yi masa.

Nan zan dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto ta hannun edita kamar kullum, amma don Allah kada ku sa lambar asusu ko sunan wanda ake zargi a cikin wasiƙa. Allah Ya ba mu ikon gamawa da iyayenmu lafiya, Ya kawo mana ƙarshen fitinar da ta addabi ƙasarmu, Ya haɗa kowace da miji mai tsoron Allah, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.